Nilam Ta Hau Sama

Kwananki talatin da bakwai a duniya,
ni kuwa awa biyu ina tsaye a layin filin jirgin Jakarta,
jaka a kafaɗa, ke a ƙirji.
Babanki Zulfahmi na ƙirga kaya karo na huɗu
kamar wanda aka bai wa ajiyar marayu:
ƙyallaye sha biyu, man shafawa, hular ulu,
da takardar likita mai hatimi, wai kin isa tashi.
Kin isa tashi! Ke da ko wuyanki bai tsaya ba.

Jajibirin salla ne, gari ya kwashe kaf zai tafi gida.
Wata mata ta leƙa cikin zanen goyo ta riƙe baki:
"Wannan ɗanyen jini ina za ki kai shi?"
Na ce, Padang, wurin kakarta.
Ba ta ƙara ba, ta ja akwatinta ta ba mu hanya.

Kujera ta sha tara, jikin taga.
Aka ɗaure ni, aka zura ƙaramar ɗamararki cikin tawa,
sai ka ce an mayar mana da cibiyar da aka yanke.
Jirgi ya ja numfashi, ya sheƙa, ƙasa ta sake mu.
An ce in ba ki nono kada kunne ya toshe.
Kika ƙi.
Kika wage bakin nan da ba haƙori ko ɗaya
kika shaida wa mutum ɗari da tamanin kin iso.
Idanu suka yi mini caa a ƙeya.
Babanki ya ba na gaba haƙuri, ya ba na baya,
har mai raba shayi ya ba, ita da ba ta ce komai ba.

Sai dattijon gefenmu, mai baƙar hula,
leɓensa a bushe da azumi, ya ce, "Ku ƙyale ta.
Jikokina bakwai, duk ta waya nake jin kukansu."
Ya miƙo yatsa, kika damƙe,
kika yi ajiyar zuciya uku, kika yi laƙwas.
Da aka sanar rana ta faɗi,
bai yarda ya zare hannun ba.
Ni na ɓare masa ledar dabino,
ya sha ruwa da hagu yana murmushi.

Ta taga, teku ya haɗiye sauran jan gari,
duwatsun Sumatra sun durƙusa cikin duhu.
Can ƙasa uwata Nurbaiti, da ba ta taɓa hawa jirgi ba,
tun shekaranjiya take juya nama cikin madarar kwakwa
har ya yi baƙi,
tana nanata mini ta waya: ki rufe mata kai, ki rufe mata kai.
A wurinmu gida na mata ne.
Wancan mai rufi kamar ƙahon ɓauna
daga kakata ya zo hannun uwata, ni yake jira,
ga shi na ɗauko masa uwar gida ta gaba,
kilo huɗu, da guntun nono a haɓa.

Daidai sa'ad da aka hana kowa tashi, za mu sauka,
kika yamutsa fuska, kika cika ƙyalle.
Dattijon ya yi dariya har da hawaye.
Ban tambayi sunansa ba.

A waje kabbara ta cika gari, masallaci na amsa wa masallaci.
Uwata na bayan shingen ƙarfe, ta ƙanƙance fiye da bara.
Ba ta ce mini sannu da hanya ba.
Ta karɓe ki, ta sa hanci a maɗigarki,
ta daɗe a nan, ta daɗe,
sannan ta ɗago da jiƙaƙƙun idanu ta harare ni:
"Ina hularta?"